Sandar Addu'a a Lalibela

Daren jajibirin Ista, a cocin da aka sassaƙa cikin dutse,
na tokare haɓa da sandar addu'a,
na ce yau barci bai isa ba.

Kwana hamsin da biyar ban taɓa nama ba,
har na fara yi wa Allah lissafi.

Tsohuwa Askale na gefena, ƙafarta a kumbure,
leɓɓanta ba su huta ba.

Tun zakara bai yi cara ba
sandata ta faɗi, ƙau!
Barci ɓarawo, ba ya sallama.

Ta ɗauko ta miƙo mini, ta raɗa:
"Shi bai runtsa ba. Tashi."

Ubangiji, zuciya ta yi niyya,
ido ne ya ci amanata.
Riƙe ni da hannunka,
sandar nan itace ce kawai.