Marubuci a Bakin Ƙofa

Ƙarfe huɗu na yamma a Tallinn, duhu ya riga ya zauna.
Ƙanƙara na narkewa daga takalman Piret a ƙarƙashin tebur.
Ɗan aikenta ba ƙafa, ba baki,
layi ɗari da arba'in ne na umarni:
buɗe shafin jirgin ruwa, zaɓi Helsinki,
rubuta sunan fasinja, biya, kawo tikiti.

Kwana tara yana dawowa hannu rabbana.
In ta tambaya, ya ce lokaci ya ƙure,
iyakar bakinsa ke nan.
Kaarel ya leƙo da kofi a hannu:
"Ƙara masa daƙiƙa goma, nawa gare shi."
Ta ƙara talatin. Ya dawo kamar jiya.

Ta gaji da zama jiyau.
Sai ta zaunar da firoksi a tsakani,
marubuci a bakin ƙofa wanda bai san kunya ba.
Wasiƙar da za ta fita, ya buɗe ya kwafe,
amsar da ta shigo, ya karanta kafin ya miƙa.
Ta rataya masa takardar shaida
don ya ji har zancen da aka kulle.

Ashe hanyar da take zato shiru ce, kasuwa ce:
roƙo ɗari uku da sha biyu domin tikiti guda,
masu talla, masu ƙirga baƙi, hotunan da ba wanda ya nema.
Ta bi su da yatsa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Ɗari biyu, lafiya. Ɗari biyu, lafiya.
Can ƙasa, layi ɗaya ja:
ɗari huɗu.

Ta buɗe cikinsa.
Sunan fasinjan gwaji, sunan kakarta ne, Õie,
wadda ta rasu tana kallon tekun nan ba ta taɓa haye shi ba.
Harafin farko ya bar gida da hularsa,
ya isa can a tarwatse, alamu biyu marasa dangi,
mai gida ya ce bai san wannan ba.

Gyaran bai kai layi ɗaya ba.
Ta sake aika yaron.
A waje taragon lantarki ya yi kwana yana kuka,
a allo tikiti ya fito, kujera kusa da taga.
Ta daɗe ba ta goge shi ba.