Lissafin Mai Shara

Ni ban yi boko ba,
amma shekara goma sha ɗaya ke nan ina shiga jami'a
tun malamai ba su tashi ba.
Daga Bomo nake takowa, tsintsiya a hammata,
in iso Samaru ana sallame asuba.

Sun ce a nan ake koyon lissafi.
To, ga nawa.
Litinin, kwalba tara ƙarƙashin tagar ɗaki na sha biyu.
Talata, bakwai,
da katin ƙwaya an ɓare shi tas kamar totuwar masara.
Ranar da aka gama jarrabawa kuwa
sai da na aro buhu.

Maganin tari ne, in ji masu iya karatu.
Na kasa kunne damina guda,
ban ji wanda ya yi tari ba.

Akwai wani Zayyanu, ɗan wajen Ikara.
Shekararsa ta farko shi ke karɓe mini bokiti:
"Kawo, Inna, benen nan ya fi ƙarfin gwiwarki."
Da uwarsa ta aiko da dakuwa
sai da ya ɗibar mini a leda.
Bana na gaishe shi sau uku
kafin gaisuwar ta isa inda yake.
Ya buɗe baki zai amsa,
na ga harshe shuɗi
kamar yanzu aka tsamo shi daga karofi.
Da cewa yake likita zai zama, a Shika zai yi aiki.
Ya je Shikan.
Mutum huɗu suka riƙe shi a bayan mota.

Ba zan ɓoye ba, na ci tuwo da kwalaben nan.
In jiƙa su, in kankare takardar da farce,
in shanya a kan katanga,
Juma'a in kai wa mai turare a Sabon Gari.
Takan ce, "Tasalla, kasuwarki na buɗewa."
In ce, "Alhamdu lillahi."
Da bakina na faɗa.
Da kuɗin na ɗinka wa Ukasha kayan makaranta,
na sai masa takalmin ƙwallo a Tudun Wada,
ina ta tausayin 'ya'yan mutane,
ina cewa ina iyayensu suke.

Asabar ɗin nan na ɗaga katifarsa zan kai rana.
Uku.
A jere, kamar ƙwan da kaza ta ɓoye.

Na ce ko daga buhuna ya ɗauka, wasan yara.
Na zazzage buhun a tsakar gida na ƙirga,
arba'in da shida, yadda na bari.
Na sake ƙirgawa.
Ban taɓa jin haushin iya lissafi ba sai ranar.

Shekararsa goma sha shida.
Har yanzu in ruwa ya ɗauke shi ke ɗebo mini,
har yanzu ba ya cin tuwo sai da ƙanzo.
Da magariba ya shigo, ya yi sallama,
sallamar tana jan ƙafa.
Ya kwanta da takalmi.

Ban yi kururuwa ba.
Me zan ce wa unguwa,
ni da katangata ke ƙyalli da kwalabe?
Na cire masa takalmin,
na jawo tabarma bakin ƙofarsa.

Dare ya raba.
Jirgin Faladan ma ya daina shawagi.
Kwaɗin Kubanni sun yi, sun gaji.
Wasu uwayen lafiya suke roƙar wa 'ya'yansu,
ni kuwa ina zaune, hannu a sama,
kunne a jikin labule:
Ya Rabbi, sa ya yi tari.
Ko sau ɗaya.