Ƙarfe Mai Ƙaho Biyu

A Panteka na tsince shi cikin tulin tarkace,
ɗan ƙarfe mai ƙaho biyu, bai fi tafin hannu ba.
Mai shago ya ce mariƙin ƙofa ne.
Ban yi musu ba. Na biya, na jefa aljihu.

Shekara goma sha tara na yi a masaƙa, a Kakuri,
ina ƙulla zaren da ya tsinke.
Ranar da injuna suka yi shiru
na fito da sifana biyu da bandir ɗin akoko.
Akokon nan ne yanzu ke shan iska
a kan sandar ɗan jirgina,
can ƙasan Kabala, inda kogi ke buɗe ƙirji
in ruwan Agusta ya sauka.

Sai dai igiyar da ke ɗaga shi ba ta da makwanci.
A hannu nake riƙe ta, wani sa'in a haƙori,
har ran Talata iska ta fizge,
ta bar mini jan layi a tafi
kamar an gitta wuƙa daga wuta.
Ndagi mai fito ya duba, ya furzar da goro:
"Ka sayi akuya, ka manta turke?"

To yau ga ni a gindin sanda,
jirgi a kan yashi, fensir a bayan kunne.
Na auna daidai ƙirjina, na yi alama,
na huda rami ɗaya.
Tasalla jikata, mai riƙe da gwangwanin kusoshi,
ta yi ɗage, ta miƙa hannu.
Ba ta kai ba.
Ba ta ce uffan ba. Ni ma haka.

Na fere tsinken maɗaci, na tsoma a gam,
na toshe ramin da na yi don kaina.
Na sauko taki guda da yatsu uku.

Katako ba ya son gaggawa.
Sai ka fara yi masa siririyar hanya,
in ba haka ba ya tsage maka daga ciki,
ba ka sani ba sai tsakiyar ruwa.
Na shafa wa sukurun sabulu.
Na ɗan karkata ƙarfen, ba tsaye cak ba,
ya fuskanci inda igiya za ta sauko,
yadda ake karkata kunne ga mai magana ƙasa-ƙasa.
Na farko ya shige salin-alin.
Na biyu ya yi gardama,
sukundireba ta zame, ta ciji babban yatsana.
Tasalla ta yi dariya, ta rufe baki da gwangwani.
Na murɗa, na huta, na murɗa,
har katakon ya yi ƙara kaɗan, ya ce ya isa.

Na rataya nauyina duka a kai.
Bai motsa ba.

Ndagi ya taso, ruwa na ɗiga daga wandonsa,
ya kama hannun yarinyar, ba nawa ba:
"Zagaye ɗaya a gindi.
Sai ki bi ƙahon nan, ki gitta zuwa wancan,
kamar kina rubuta takwas a allo.
Kada ki cika.
Ɗaurin da hannu ɗaya ba ya kwancewa
ba ɗauri ba ne, tarko ne."
Sau huɗu ta ɓata. A na biyar ya zauna.

Bayan la'asar muka tura.
Akoko ya kumbura, sanda ta yi nishi,
igiya ta miƙe tsam a kan ƙahonin,
motocin kan gada suka koma kamar tururuwa.
Saman ƙarfen, ramin da na toshe
yana kallona da ƙaramin jan idonsa.

Sai na ga hannuna na dama a kan gwiwa,
buɗe, babu komai a ciki.
Tun ina saurayi ban san shi haka ba.
Na rasa abin da zan ba shi,
sai na sauke shi cikin kogi,
ruwan ya bi ta kan tabon,
da sanyi, ya wuce.