Ista a Ikko

Ni Dogara, daga wani ƙauye bayan Malumfashi,
shekara tara ke nan ina gadin ƙofar Mama Dakosta
a tsibirin Ikko, inda iska ke warin gishiri da hayaƙin janareto.

Wata Laraba ta dawo da toka a goshi.
Na ce, Mama, kin shafo gawayi.
Ta yi dariya har sandarta ta faɗi.
Mu cocinmu ba a shafa toka,
amma yunwar azumi ba ta tambayar ɗarika.

Lahadin ganye, yara suka cika layi,
kowa da ganyen kwakwa an saƙa shi gicciye.
Danfo ya tsaya cak, direba na zagi,
sai wata yarinya ta soka masa nata a jikin madubi.
Ya yi shiru. Ya bar shi nan.

Ran Jumma'a tun da hantsi aka fito da saurayi
ɗauke da gungume a kafaɗa,
sojojin Roma da hulunan kwali suna binsa da bulala.
Kwalta ta yi zafi, ƙafarsa ba takalmi.
Da ya faɗi na biyu, a gaban shagon mai faci,
mai tallar ruwan leda ta manta wasa ne,
ta ratsa sojoji, ta fasa leda da haƙori,
ta ce, sha, ɗana.
Ba wanda ya hana ta.

Da la'asar Mama ta aiko min da kwano:
baƙin wake an dama da madarar kwakwa,
sukari, kanumfari, garin kwaki a gefe, da kan kifi.
Firijon, in ji ta, girkin kakanninta
da suka dawo daga bauta ta hayin teku.
A garinmu wake gishiri ya sani.
Cokalin farko na ci don kunya,
na biyu kuwa ba wanda ya roƙe ni.

Asabar ba ta da magana.
Na zauna kan benci ina juya waya.
Bara war haka Inna Barmani ta kira,
ta ce, ka ci kaza ko ka aiko kuɗin ne ka zauna haka?
Da damina aka rufe ta bayan rumbu.
Motar da na hau ta kwana a Jebba,
na isa ƙasa ta riga ta bushe a kanta.

Lahadi, kafin kiran assalatu,
Malam Ilu mai shayi ya karɓi makullin ƙofa.
Ya ce, tafi ka yi sallarku, ni ma ka tsare min tebur ranar tawa.
Na sa riga mai karin guga, na nufi Obalende.
Tun daga bakin gada nake jin tulun zumuntar mata,
dum, dum, kamar ana sussuka a gida.
Fasto ya ce, Ya tashi!
Muka ce, Lalle ya tashi!
Masu gadi, masu acaba, masu dakon tumatir,
matan sojoji da goyo a baya,
Hausar kowa da ƙamshin garinsu.
Bakina ya faɗa da ƙarfi,
zuciyata ta biyo baya a hankali, tana ɗingishi.

Litinin aka ce a tafi Galili,
Galilinmu kuwa bakin teku ne,
da shinkafa a kula da lemo mai ɗumi.
Na tsaya ruwa na lasar ƙafata,
sai hadari ya haɗo ta gabas.

Na ce, yanzu haka a gida ana gyaran gona.
Inna ce ta koya min binne gero:
tona, zuba, take da dunduniya,
ka juya baya ka tafi.
Kada ka tone don ka duba, in ji ta,
kwana uku ne, in an yi ruwa.