Shayi Huɗu

A Trabzon, bakin Baƙin Teku,
akwai gidan abincin da ba shi da allo a goshi.
Wanda ya sani ya sani.
Can muka kai Baba ranar Juma'a,
ni da mijina Tarkan,
kwana arba'in da ɗaya da rufe Inna.

Ƙananan kifi soyayyu, an jera su kamar haƙoran mataji,
burodin masara, miyar kabeji mai tururi.
Baba ya ci loma biyu ya ture,
ya kafa wa taga ido,
jiragen masunta na ta dawowa.

Sai ga Nurettin da takardar lissafi,
tsoho mai farin gashin baki, fensir a bayan kunne,
shekara talatin yana kewaya tebura tara.
Rubutun nasa tafiyar tsutsa ce,
tsutsar ma mai ɗingishi.

Tarkan ma'aikacin banki ne.
Ya ɗora tabarau a karan hanci:
"Wannan ɗaya ne ko bakwai?
Wannan sifiri ne ko ɗigon mai?
Ƙugiyar nan ta ƙasa fa,
ladan hidima kuka cusa a ɓoye,
sannan a tsaya mana a ka ana jiran tukwici?"

"Ɗaya ne, yallaɓai," in ji tsohon,
"rawar hannu ce ta sa masa hula.
Ƙugiyar kuwa sunana ne."

"To, shayi fa? Mu uku ne.
Ka rubuta huɗu."
Ya ƙirga kofunan da cokali,
masu siririn ƙugu, kowanne ya yi ƙara:
ɗaya, biyu, uku.

Nan fa teburan maƙwabta suka samu abin yi.
Wani direba ya ce zamani ya lalace,
kowa wuƙarsa a wasa take.
Wata mai jan gyale ta ce ƙarya ne,
tun tana budurwa take ci a nan,
ko ƙwandala ba a taɓa cin ta ba.
Mai dafuwa ya leƙo da ludayi a hannu.
Maganar lira ashirin ta zama shari'a,
ni kuwa ina neman ƙasa ta tsage in shige.

Nurettin ya dubi takarda,
ya dubi kujerar da ke jikin taga,
wadda muka ɗora wa rigunan sanyi.
Kunnuwansa suka yi ja.
"Hannu ne ya riga ni," ya ce a hankali.
"In Rifat Bey ya zauna a nan,
hannun ya saba ƙara nata.
Ba sukari, da yankan lemon tsami."
Ya zaro fensir zai soke.

Baba ya riƙe masa wuyan hannu.
Rabon da in ji muryarsa sosai tun ranar jana'iza.
"An soke ta a asibiti.
An soke ta a banki da ofishin fansho,
duk da tsabtataccen rubutu.
Bar ta a nan."

Ya biya huɗu cif.
Ya ɗauko wata takardar kuɗi daban,
ya naɗe ta kusurwa uku yadda Inna ke yi,
ya tura ƙarƙashin faranti.
Ita ce ke cewa tukwicin da aka gani
rabinsa ya zube a ƙasa.

A mota ba wanda ya yi tari.
Sai da muka wuce tashar jiragen ruwa
Tarkan ya ce, yana kallon titi,
"Ni dai har yanzu bakwai nake gani."
Baba ya yi dariya har ya sarƙe.

Takardar tana jakata.
Ɗigon man ya bazu, ya cinye kifi da burodi,
bai kai ga huɗun ba tukuna.