Kujera Uku, Fasinja Biyu

Ƙarfe ɗayan dare a Akoka,
janareton maƙwabta na ta tari,
ni da ɗigo arba'in da bakwai a fuskar kwamfuta,
kowanne kwalba ce da na ɗebo a Makoko
na auna gishirinta bayan ruwan sama.

Layi nake so ya ratsa tsakaninsu,
ya sauko a hankali kamar gada in ta doshi ƙasa.
Na danna. Jan rubutu ya fito:
uku nake jira, biyu kika ba ni.

Ke da kwandastan danfo uwarku ɗaya!
Shi ma ba ya tashi sai kujera ta cika.

Na ƙirga da yatsa. Gangara tana nan, tsayi yana nan.
Ashe gindin layin na baro a tasha.
Na cusa shi, na sake dannawa.
Wannan karon ba ta yi faɗa ba,
sai ta shimfiɗa min layi sambal kamar tabarma.
Gara faɗan.

Na kira Folashade, muryarta duk barci:
"Tasalla, wa kika zaunar a gaba?"
Lokaci ne direba, ni kuma na tura shi baya,
ita kuwa na'ura ba ta san fuska ba, mazauni ta sani.

Na sauya musu zama.
Layin ya lanƙwasa, yana gaida ɗigon ɗai-ɗai,
ban da na ashirin da uku,
ranar da kwalekwalen Baba Setonji ya yi tangal-tangal.
Yana can sama shi kaɗai.
Ban goge shi ba. A gabana aka yi.