Kwana Huɗu

Kwana huɗu suka ba ni.
Shugabarmu ta sa hannu ko kai ba ta ɗago ba,
bayan shekara biyu ina tarbar 'ya'yan mutane
a ɗakin haihuwa na asibitin Daura,
ina yanke cibiya, tawa tana ɗaure da aikin dare.

Na naɗe takardar na sa a ɓoye kamar laya.
Na kai wa Ɗan'asabe mai canji kuɗin adashina,
ya tofa wa yatsa yawu, ya lissafa mini sefa,
abin da na kawo a jaka ya dawo a tafin hannu.
Ya ce, ina aka nufa?
Na ce, tsallaken iyaka.
Ya ce, ai iyaka da faɗi, Hajiya.

Gari biyu, ƙafa ɗaya ce ta tafiya.

Maraɗi na da Tasalla.
Gado ɗaya muka raba a makarantar unguwarzoma,
sabulu ɗaya, har ƙaryar rashin lafiya ɗaya.
Kullum saƙon muryarta sai ya shigo da hayaniyar kasuwa:
ki taho ki ga atamfar da ba ta zuba,
ki ci kilishin da zai sa ki raina na gida,
na share miki ɗaki tun watan jiya.
A can na san dariya za ta kwana da ni,
na san har kalar zanen gadon.

Damagaram ba ta da kowa nawa.
Sai dai abin da Baba ya bari a bakinsa ya faɗo cikin kunnena,
shekara talatin yana jan babbar mota ta Kwangwalam.
Ya ce duwatsun garin a zaune suke kamar shanu sun ƙoshi,
ya ce ruwa can ana ba baƙo shi da hannu biyu,
ya ce akwai wani baduku a lungun Birni
da ya ɗinka masa wannan alabe,
wanda yanzu nake ajiye katin aikina a ciki.
Ya ce wata rana zan kai ki.
Wata ranar ce ta zo ta kai shi.

Na tambayi Inna, ta ce je inda aka san sunanki.
Na tambayi ƙanena Lawandi, ya duba waya,
ya ce nan kilomita kaza, can kilomita kaza,
kamar da igiyar awo ake auna marmari.
Daren farko na hutu a kan tabarma ya ƙare,
ina juya garuruwa biyu kamar waina a tanda,
kowace fuska na juyo sai ɗayar ta ƙone.

Da asuba na ce to, tasha ta raba gardama.
Motar da ta fara cika, ita ce rabona.

Ta Katsina, hanyar Maraɗi, saura mutum ɗaya.
Yaron mota ya hango jakata ya rugo.
Sai na ji ina cewa, bari in sayi ruwa.
Na sayi ruwa.
Na taya gyaɗa, na ce ta yi tsada, na sake tayawa.
Na gyara maɗaurin takalmin da bai kwance ba,
har wani dattijo mai buhun barkono ya cike gurbin,
ƙofa ta rufu, hayaƙi ya tashi.

Tasalla, ki yafe mini,
kar ki naɗe zanen gadon, Sallah na tafe.

Ga ni a motar Kwangwalam, mu uku kacal,
direba ya tafi shan koko.
Saura kwana uku, rana tana hawa,
alaben Baba a kan cinyata,
kuma tunda nake ban taɓa jin daɗin jira irin na yau ba.